Gasar guje-guje ta yaran unguwa: wa za a karanta wa ƙa'ida, yara ko manya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa a Aboabo, nan Kumasi. Bara bayan Babbar Salla mun shirya wa yaran unguwa gasar guje-guje da tsalle-tsalle, 'yan shekara 8 zuwa 14, amma ba a tashi lafiya ba. An yi rigima a kan shekarun wani yaro, an yi gardama a kan wanda ya zo na ɗaya a mita 100, iyaye suka cika fili, wani koci kuma ya mari yaronsa a gaban jama'a. Bana muna so mu rubuta ƙa'idojin ladabi mu karanta wa yaran kafin a fara. Me ya kamata mu sa a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa wannan aiki naku albarka. Sake duba abubuwa huɗun da ka lissafa. Babu ko ɗaya da yaro ya aikata. Babba ne ya rubuta sunan yaron a rukunin da ba nasa ba, manya ne suka yi gardama a bakin layi, manya ne suka shiga fili, babba ne ya ɗaga hannu. Na koyar da wasannin motsa jiki a makarantun garin nan, na kuma yi alƙalanci a gasannin makarantu a filin Baba Yara, kuma da wuya ka ga rigimar da yara suka ƙulla da kansu. Saboda haka takardar da kuke shirin rubutawa, kaso mafi girma nata na manya ne, kuma yawancin aikinta kafin ranar gasa ake gama shi.

Na yaran gajere ne, bari in sallame shi. Yaro ya zo idan an kira rukuninsa, ya tsaya a layinsa, kada ya tura ko ya ja rigar wani ko ya sa masa ƙafa, ya yi shiru idan wasu za su tashi, ya ƙarasa tserensa ko da shi ne na ƙarshe, ya miƙa wa na damansa da na hagunsa hannu bayan an gama, kuma idan yana da ƙorafi ya faɗa wa kocinsa, ba alƙali ba. Wannan ya isa. Ɗan shekara 9 ba zai riƙe dokoki 20 ba. Kuma kada ku tsaya ga karantawa a lasifika. Ku fito da yara biyu su nuna a aikace, ga yadda ake wuce mutum ta gefe, ga abin da ake kira tare hanya. Abin da suka gani shi ne zai zauna.

Yanzu shekaru, wanda shi ne babban ciwon wasanninmu. Kowa ya san ana rage shekaru, har ya zama abin raha a majalisa. Abin ya kai hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta koma ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasa da na'ura tun gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009. Ku ba ku da wannan na'urar, kuma ba ku buƙatarta, domin kuna da abin da ya fi ta: a Zango an san ranar sunan kowa. Abin da za ku yi shi ne rufe rajista mako 2 kafin gasa. Kowane yaro ya zo da takardar haihuwa, ko katin awo na asibiti, ko katin inshorar lafiya. Katin awo ya fi mini kwanciyar hankali a kan takardar haihuwar da aka yanka jiya, don ba a yin sa da tunanin tsere. Wanda ba shi da ko ɗaya, kuma za ku same su da yawa, kada a kore shi. A nemi rajistar makarantarsa ta boko, ko malamin Islamiyyarsa ya shaida sa'o'insa. Sannan ku liƙa sunayen da rukuninsu a inda jama'a ke wucewa, ku ce duk mai magana ya kawo ta cikin kwana 3. Bayan nan bakin alƙalami ya bushe. Ranar gasa ba a shari'ar shekaru.

Ku kuma tsayar da rana guda ta ƙirga shekaru. A gasannin duniya ana duba shekarun da ɗan wasa zai cika ranar 31 ga Disamba na shekarar da ake gasar. Ku ɗauki wannan, ya kashe gardamar "ai sai wata mai zuwa zai cika 13". Rukunin kuma kada ya wuce tazarar shekara 2: 8 da 9, 10 da 11, 12 da 13, sai 14 su kaɗai ko ku haɗa su da 'yan 15. Idan kuka ce "ƙasa da 14" kawai, kun jera ɗan 10 da ɗan 13 a layi ɗaya, kun yi rashin adalci ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Ga wani gefen da mutane ba sa son ji. Girman jiki ba hujja ba ne. Yara ba sa balaga lokaci guda. 'Yan shekara 13 biyu, ɗaya muryarsa ta fashe ya miƙe, ɗaya har yanzu bai fara ba, kana iya ganin bambancin shekara 3 ko 4 a jikinsu alhali wata ɗaya aka haife su. 'Yan mata ma sukan riga maza farawa. Na sha ganin yaro mai gaskiya, Allah ne ya yi shi ƙato, ya ci tsere, maimakon tafi sai ihu ya tashi: "Baba! Tsoho! Ina matarka?" Yaron ya tsaya da lambarsa a hannu yana neman inda zai ɓoye fuska. Wannan zalunci ne, kuma ko da a ce an rage masa shekarun, ba shi ya rage ba. Ku rubuta a fili: duk wanda aka kama da ƙarya a shekaru, hukuncin yana kan babban da ya kawo sunan da ƙungiyarsa, a rage musu maki, shi kuma a dakatar da shi. Yaron a mayar da shi rukuninsa na gaskiya ya yi gudunsa. Wannan jerin sunayen da aka liƙa tun da wuri shi ne garkuwar yaron da jikinsa ya riga shekarunsa.

Sai filin kansa. Sau da yawa ƙasa ce ke yin maguɗi kafin mutane. Filayen makarantunmu ba ɗaya suke ba ko'ina: layi na 1 tauri, layi na 5 yashi, na 6 ga kwararon da ruwan sama ya haƙa. Ku auna da tef, ba da taku ba, ku ja layi da toka ko farar ƙasa, ku share kwalabe da ƙusoshi da safiyar ranar. Layin da yaro zai tsaya kuma a yi ƙuri'a, takardu a cikin hula, kowa ya zara a gaban kowa. Faɗin layi a filin gaske mita 1.22 ne, kuma a kan wannan faɗin kowace kwanar fili tana ƙara wa na waje kusan mita 4 a kan na cikinsa. Shi ya sa kake ganin masu mita 200 ba sa tashi a jere. Idan ba ku da wanda ya iya wannan awon, ku bar mita 200 gaba ɗaya. Ku yi mita 50 ko 60 ga ƙanana, 80 ko 100 ga manyansu, duk a miƙe, sai mita 600 ko 800 inda kowa zai tashi tare ya nemi ciki. Takalmi mai ƙusa kuma ku hana shi ga 'yan ƙasa da 12. Dokar guje-guje ta yarda a yi gudu ba takalmi, kuma rabin yaranku haka za su zo. Yaro ɗaya mai ƙusa a tsakiyar ƙafafu 15 marasa takalmi, ba sai na faɗa maka abin da zai faru a kwanar farko ba.

Wajen tashi, mutum ɗaya ne zai riƙe usur daga safe har yamma, da kalmomi iri ɗaya. Tun 2010 dokar manya ita ce wanda ya riga usur sau ɗaya ya fita, kuma ita ce ta fitar da Usain Bolt a wasan ƙarshe na mita 100 a gasar duniya ta Daegu a 2011. Kada ku ɗora wa yara wannan. Yaron da ya zabura kafin lokaci yawanci tsoro ne, ba wayo ba. Na farko gargaɗi, na biyu ya fita, ko kuma ga 'yan 8 da 9 a mayar da shi taku ɗaya baya. Kowanne kuka zaɓa, ku faɗa kafin tseren farko, kada ya canja idan ɗan shugaban ƙungiya ne ya zabura.

Gardamarku ta mita 100 kuwa, na tabbata ba a tanadi masu duba layi yadda ya kamata ba. Abin da aka saba gani shi ne mutum 10 sun yi cincirindo a bakin layi, kowa idonsa a kan yaron unguwarsu, wasu ma suna gaban layin suna kallon yaran na tahowa. Daga nan ba ka ganin komai. Mai duba layi yana tsayawa ne a gefe, daidai saitin layin, baya kaɗan, kamar mita 5, kuma a kan wani abu mai tudu, ko benci ne ko tebur. A raba musu aiki: wannan na ɗaya kawai yake nema, wancan na biyu, wancan na uku. Ba ya tafi, ba ya ihu, ba ya magana da kowa har sai ya rubuta lambar ƙirjin yaron da ya gani. Abin da ake dubawa kuma gangar jiki ce, wato ƙirji. Kai, hannu da ƙafa ba sa cin tsere. Yawancin iyaye ba su san wannan ba, sai ka ji uba yana rantsuwa ƙafar ɗansa ce ta fara taka layi, kuma gaskiyarsa, amma ba ita ake dubawa ba. Ku sanar da wannan a lasifika tun da safe. Agogon hannu ma kada ku raba gardama da shi. Yaron da ke gama mita 100 a daƙiƙa 14 yana cin kusan mita 7 a daƙiƙa, kuskuren yatsa na ɗan ƙiftawa ya isa ya juya sakamako. Ido ke ba da matsayi, agogo na tarihi ne kawai. Ku ajiye waya guda ta gasa a saitin layi tana ɗaukar bidiyo, ita kaɗai za a duba. Wayar baban wani da aka ɗauka daga kusurwa ba shaida ba ce. Idan an duba an kasa rabewa, a ce kunnen doki ne, a ba su biyun. A gasar Olamfik ta Tokyo, Mutaz Barshim na Katar da Gianmarco Tamberi na Italiya sun raba zinare a tsallen sama bayan kowannensu ya haye mita 2.37. Sayen ƙarin lambar yabo ɗaya ya fi sauƙi a kan sasanta unguwa biyu.

Kuma babu wanda zai yi alƙalanci a tseren da ɗansa, ƙanensa ko ɗan ƙungiyarsa ke ciki. A Zango wannan da wuya, kowa dangin kowa ne, na sani. Ku gayyato malaman wasanni biyu ko uku daga wata unguwa, ko Tafo ko Asawase, ku ba su kuɗin mota da abinci. Wannan ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a kasafinku.

A gudun miƙa sanda, ku ja iyakar wurin miƙawa da toka yadda kowa zai gani, mita 30 ne a dokar yanzu ga tseren mita 100 sau 4, ku sa mutum a kowace mahaɗa. Idan an fitar da wata tawaga, a kira yaran huɗu a nuna musu inda aka saɓa. Ku ba su labarin 'yan wasanmu na ƙasa, tawagar Gana da ta kai wasan ƙarshe a gasar Olamfik ta Tokyo aka kuma soke gudunta saboda kuskuren miƙa sanda. Joseph Paul Amoah yana cikinsu, ɗan makarantar Prempeh ta garin nan, kuma shi ne ya dawo ya ci zinaren mita 200 a gasar Afirka da aka yi a Accra a Maris 2024. Yaron da ya yar da sanda yana buƙatar jin wannan, domin abokansa za su yi mako suna masa gori.

To, manya. Ku kewaye fili da igiya, ciki sai mai gudu da mai aiki. Gudu a gefen yaro ana masa ihu taimako ne da doka ta hana, ban da haɗarin karo. Ku samu dattijo ɗaya da magajiya ɗaya da ake jin nauyinsu su zauna a rumfa kusa da igiyar. Matashi mai rigar tsaro ba zai iya mayar da Hajiya baya ba, amma magajiya da kallo ɗaya za ta yi. Wanda ya fi kowa surutu a kan alƙalai bara kuwa, ku je har gida ku ba shi aikin riƙe igiya ko rubuta sakamako. Wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara.

Jama, wato waƙoƙin zuga na 'yan kallo, da kiɗa da kirari duk ku ƙyale a yi, su ne daɗin ranar. Iyakar ita ce a yabi naka, kada a zagi na wani. Ba zagin uwa, ba ambaton ƙabila, ko Dagomba ne ko Frafra ko Asante ko Mosi, ba yi wa na ƙarshe dariya. Hukuncin kuma ya faɗa kan maki: gargaɗi ɗaya ta lasifika, na biyu a rage wa ƙungiyar da magoya bayanta suka yi. Za ka ga su da kansu suna tsawata wa nasu. Jifa kuwa, ko da ledar fiya wata ce, a tsayar da gasa har sai an fitar da mai jifan. Mu da muka ga 9 ga Mayu 2001, ranar da fushi a kan alƙalin wasa ya zama jifa da kujeru a filin Accra, aka harba hayaƙi mai sa hawaye, sama da mutum 120 suka rasu, ba ma ɗaukar jifa a fili da wasa.

Kocin da ya yi mari, ban ga abin tattaunawa a kansa ba. Ya fita daga fili a ranar, kuma ba zai dawo bana ba sai ya zo gaban kwamiti da iyayen yaron. Hukumar ilimi ta hana duka a makarantu, dokar yara ta 1998 ta hana azabtar da yaro da wulaƙanta shi, balle a filin wasan da yaro ya zo don nishaɗi. Wasu za su ce da duka aka horar da su. Ni dai ban taɓa ganin mari ya ƙara wa yaro sauri ba. Abin da yake koya masa shi ne faɗuwa abin tsoro ce, kuma yaron da ke tsoron faɗuwa shi ne zai ja riga, ya yanke kwana, ya yi ƙaryar ciwon ƙafa idan ya ga an wuce shi. Haka uban da ke tarar ɗansa da "ka ba ni kunya". Ku roƙi liman ya taɓo wannan a huɗubar Juma'ar da ke gaban gasa, ya fi takardarku isa kunne.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma dole ya shiga. Babu wanda zai ba yaro ƙwaya ko lemon ƙara kuzari kafin tsere. Kun san yadda tiramol ya yi wa samarinmu, kuma tun Janairun 2024 yana cikin jerin abubuwan da hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta lokacin gasa. Babban da aka gani yana ba yaro, wannan ya wuce rage maki, a kai maganar ga iyaye da hukuma. Ruwa kuma ya wadata ga kowa kyauta, tseren nesa a yi shi da sassafe ko bayan la'asar, yaro kada ya wuce wasa 2 da gudun miƙa sanda. Kocin da ya ga yana da yaro mai gudu zai so ya sa shi a komai, a ƙarshe yaron ya faɗi, sauran yaran ƙungiyar kuma sun wuni a benci. Ku nemi ma'aikaciyar jinya ɗaya ta zauna da ku.

'Yan mata su yi gudunsu da dogon wando da hijabin da ba ya jan ƙasa, babu dokar guje-guje da ta hana. A tanadar musu wurin canja kaya da mata masu kula, kuma duk saurayin da ya yi wa yarinya maganar banza a kan jikinta a fitar da shi nan take. Kada kuma a tura tserensu ƙarshe lokacin da jama'a suka watse, ko a ba su kyautar da ba ta kai ta maza ba. Martha Bissah ce ta ciyo wa Gana zinare a mita 800 a gasar Olamfik ta matasa a Nanjing a 2014, Rose Yeboah kuma ta ci zinaren tsallen sama a gasar Afirka a 2019 ta sake ci a 2024.

Ƙorafi ya samu ƙofa, in ba haka ba zai shigo ta kan igiya. Mutum ɗaya daga kowace ƙungiya, wanda aka rubuta sunansa tun farko, shi ke kai ƙorafi, cikin minti 30 da sanar da sakamako kamar yadda ake yi a manyan gasanni, ga kwamitin mutum 3 da ba su da yaro a fili. Ku sa ɗan kuɗin ajiya, ko sidi 20 ne, a mayar idan an same shi da gaskiya. Ana sauraro a gefe, gasa na ci gaba, yara ba sa wurin.

Kyauta ita ce ta ƙarshe, kuma ina roƙonku kada ku sa kuɗi. Da zarar an ce na ɗaya zai karɓi sidi kaza, koci zai tafi wata unguwa hayar yaro, samari kuma za su fara caca a gefen fili. Lamba, takardar shaida, littattafai, jaka, takalmi, sun isa. Idan ɗan siyasa ya kawo gudummawa, a karɓa a sayi ruwa da lambobi, amma kada a ba shi zaɓen wanda zai ci. Kofin kuma ya zama na ƙungiya, a ba da maki har zuwa na shida ko na takwas, da maki 1 ga duk wanda ya ƙarasa. Wannan shi ne tunanin da ke cikin tsarin wasannin yara na hukumar guje-guje ta duniya, inda ake fafatawa tawaga-tawaga kuma gudun kowane yaro yana shiga lissafi. Da wannan lissafin, kocin da ya zo da yara 20 masu matsakaicin gudu zai iya doke wanda ya zo da gwanaye 3.

Ku kira taro mako guda kafin ranar, kocin kowace ƙungiya da wakilin iyaye, a gaban mai unguwa ko liman. A karanta takardar da Hausa da Turanci, da Twi idan akwai masu buƙata, kowa ya sa hannu. Ƙungiyar da ba ta sa hannu ba, ba a ba yaranta lambar ƙirji. Idan kun rubuta daftarin, turo mini in duba muku awon filin da jadawalin rukunai.